Yadda Miligi Ta Koyi Gani da Fatarta

Dalilin da ya sa miligi take da ƙaton kai da 'yan mitsi-mitsin idanu, amma duk duhun ruwa ba ta karo da dutse, labari ne mai ɗan tsawo, sai ku gyara zama. Kun dai san ta. Ita ce mai dogon bakin nan kamar an ja shi da hannu, wadda iyayenku kan zazzage daga koma tare da karfasa. In mai gyaran kifi ta fasa kanta, sai ku ga ƙwaƙwalwa ta cika shi taf, har ta fi ta tarwaɗar da ta ninka ta girma. To, da can ba haka take ba.

Da can ruwan Kwara garau yake, kamar an tace shi da ƙyalle. Kifin da ke wannan gaɓa yana hango na waccan gaɓa, su gaisa da ido. A lokacin Miligi tana da idanu dara-dara da ɗan ƙaramin kai, kuma duk faɗin kogin babu mai surutunta. In ta tare ka da gaisuwa da hantsi, sai azahar ta yi ba ta gama tambayar mutanen gidanka ba, kafin ka amsa ɗaya ta jefo uku. Ba ta da mugunta ko kaɗan. Ita dai ba ta iya sauraro ba ne.

Tana zaune da yayarta Minjirya a gindin wata tsohuwar giyayya, wadda saiwoyinta suka sauko cikin ruwa suka yi ɗakuna-ɗakuna. Minjirya jibgegiya ce mai faɗin baki, ga saurin fushi, ga saurin hucewa. Iyayensu sun daɗe da rasuwa, ita ta raini Miligi. Saboda haka in Yaya ta daka tsawa ta ce a yi shiru, akan yi shiru, ko da na ɗan lokaci ne.

Wata shekara aka yi damina irin wadda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ruwa ya yi ta cin gaɓa can sama, har tudu guda na jar laka ya rufto cikin kogi. Aka wayi gari ruwa ya koma kamar kunun kanwa. Aka ce a bari zuwa gobe zai kwanta. Gobe ta zo bai kwanta ba. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ruwa na nan yadda yake.

Kifaye suka shiga uku. Wannan ya fita neman abinci ya fasa baki a dutse, wancan ya fita gaishe da maƙwabci ya kasa gane hanyar gida. Manyan idanun Miligi ba su tsinana mata komai ba sai cika da yashi. Ita da yayarta suka rame, suna laluben tsutsa a taɓo, wata rana su samu, wata rana su haƙura.

Ana cikin haka, wata rana da la'asar hadari ya haɗu. Walƙiya ta sauko a guje kamar yadda ta saba, don ta taɓa ruwa ta koma sama. Da can tana ganin inda za ta sa ƙafa, amma yanzu ruwa ya rufe. Sai bakin zanenta ya sarƙe a saiwoyin giyayya. Ta ja, ta ja, zane ya ƙi fita.

"Masu gida! Babu kowa ne a nan?"

'Yan'uwan biyu suka fito da sauri, don hasken da ya cika ɗakinsu. Minjirya ta sa ƙarfi ta banƙare saiwoyin. Miligi kuma ta zura siririn bakinta tana warware zaren ɗaya bayan ɗaya, amma bakin bai hana ta magana ba.

"Ranki ya daɗe, kin ga yadda ruwan nan ya koma? Da kin zo bara da kin ga gidanmu tas. Ina mutanen sama? Wai da gaske ne can ba a yin laka? Shekaranjiya ma Karfasa take ce min..."

Zane ya fita. Walƙiya ta tattare shi ta ce, "Allah ya saka muku da alheri. Ba ni da abin da zan ba ku sai wutata. Ga ta nan a bakin zane, kowacce ta ɗiba, amma ku yi sauri."

Minjirya ta wage bakinta ta haɗiyi curi guda. Miligi kuwa ba ta gama labarin Karfasa ba. Can sama Aradu ya yi gyaran murya, kogi ya girgiza.

"Maigidana ke kira," in ji Walƙiya. "Ke 'yar nan, in za ki ɗiba ki ɗiba."

Miligi ta kai baki ta tsotsi ɗigo ɗaya tak, sai ta ga wayam, Walƙiya ta koma.

Washegari aka ga amfanin rabon Minjirya. Wani tsage mai haƙora ya yi karo da ita cikin duhun ruwa, ya buɗe baki zai kai cizo, ta girgiza jiki sau ɗaya, sai ga shi ya sandare yana yawo ciki sama. Daga ranar yunwa ta bar gidan. Ba ta buƙatar ta ga abinci, duk abin da ya matso kusa ta buge shi, ta ci, ta kawo wa ƙanwarta saura.

Ɗigon Miligi kuwa ya gangara ya zauna a gindin wutsiyarta, yana ta ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ko ɗan kwaɗo ba ya firgita da shi. Wannan bai dame ta ba, don ita ba mai son faɗa ba ce. Abin da ya dame ta shi ne, tun da wutar ta shige ta fatarta ta farka. Duk ƙyas ɗaya sai ta ji shi yarr, daga wutsiya har bakinta, kafin ya lafa wani ya biyo. In ta tsaya yana nan, in ta yi iyo yana nan. Yayarta na yi mata magana ba ta fahimta. Karon farko a rayuwarta, Miligi ta gaji da jin kanta.

Da abin ya ishe ta, sai ta bi gaɓa da lalube har ta kai ramin Goggo Kaguwa. Ita wannan tsohuwa ce da ke zaune daidai mashigin da matan gari ke zuwa ɗiban ruwa, rabinta a ruwa rabinta a tudu, don haka ta san halin kifaye ta san na mutane.

Bayan sun gaisa Miligi ta ce, "Goggo, alfarma na zo nema. Ki sa awartakin nan naki ki datse min wutsiya in huta."

"In datse miki wutsiya ki yi iyo da me?"

"Ko da rarrafe ne. Wallahi Goggo kaina zai fashe. Ba na jin komai a duniya sai ni."

Kaguwa ta daɗe tana juya idanunta. Sannan ta ce, "Ɗago kanki tsakanin kainuwar nan, ki duba gindin tsamiyar can. Kada ki ce komai."

Miligi ta ɗago. Wata mata ce mai suna Barmani take dakan gero, ita kaɗai, taɓarya na sauka tim, tim, har ƙasa na amsawa. Can nesa da ita, a inuwar zana, ta shimfiɗe jaririyarta a tabarma. Ana cikin dakan sai Barmani ta tsaya cak, ta jingine taɓarya, ta nufi tabarmar tana cewa, "Na ji, na ji, uwata, ga ni nan."

Suka koma cikin ruwa. Kaguwa ta ce, "Kin ji kukan yarinyar?"

"Ina fa! Ƙarar turmi ta cika wuri."

"Ke da ke nesa ba ki ji ba. Ita da ke tsaye a kan turmin ta ji, alhali ko kuka ba a fara ba, ɗan ƙunƙuni ne. Shekara nawa ina kallon matan nan, kullum haka suke."

"To ta yaya, Goggo?"

"Wa ke ɗaga taɓaryar?"

"Ita."

"To kafin taɓarya ta sauka, hannu ya riga ya aika wa kunne cewa ga tamu nan tafe, kada ka kula ta. Sai kunne ya ture ta gefe. Abin da ya rage bayan an ture, shi take ji. Ke kuma wa ke sa wutsiyarki ta ƙyasta?"

Miligi ta buɗe baki za ta ce wutsiyar da kanta take yi, sai ta fasa. Ta natsu ta bi abin a hankali. Ashe kafin kowane ƙyas akwai wani ɗan motsi da ke tasowa daga cikin kanta ya gangara baya.

"Goggo, ashe ni ce. Daga kaina saƙon yake fita."

"To kan da ya iya aika wa wutsiya, ya aika wa fata ma. Amma ba aikin yini ɗaya ba ne. Sai kin san naki ciki da bai kafin ki iya ture shi."

Miligi ta yi godiya. Ta nemi wani gurbi mai zurfi a tsakiyar kogi, inda babu dutse babu ciyawa babu kowa, ta mai da shi wurin zuwanta kullum da safe. Sai ta miƙe sambal ta ƙyasta, ta lura da yadda wutar ke bin fatarta, inda take da ƙarfi da inda take da rauni, ta ajiye a ka. Ta lanƙwasa hagu ta ƙyasta, sai ta ji abin ya sauya, ta ajiye wannan ma. Ta lanƙwasa dama, haka. In ta ja numfashi daban, in ta motsa baki daban. Nan ta gane cewa surutu na dagula mata aiki, don kowace kalma sai ta karkatar da wutar. Dole ta rufe baki. Wannan ya fi komai yi mata wuya, har ranar farko sai da ta yi kuka.

Ajiya ta yi ta taruwa, kai ya fara ciwo, ya fara kumbura. Ran nan Minjirya ta shafa shi da gashin bakinta ta ce, "Ke, wannan kai naki lafiya? Ya koma kamar tulu. Ko maganar da kika daina yi ce ta taru a ciki?"

Miligi ta yi dariya ta ce, "Ƙila ita ce, Yaya."

Sai da ruwa ya fara ja baya, ciyawar gaɓa ta fara bushewa, sannan wata safiya abin ya faru. Kai ya aika wa wutsiya, ya aika wa fata a tare. Wutsiya ta ƙyasta, fata ta karɓa ta ture, sai Miligi ta ji tsit. Ta sake ƙyastawa, tsit. Daɗi ya kama ta, ta tsaya a wurin tana shan shirun nan kamar mai ƙishirwa.

Da ta juya za ta koma gida, sai ta ji wani abu a gefen damanta, wani gurbi mai sanyi inda wutarta ta ƙi shiga, ta kewaye shi. Ta matsa ta taɓa da baki, ashe dutse ne. Ta wuce gaba, ta ji wasu sirara-sirara suna kaɗawa, ciyawa ce. Sai can ƙasa cikin taɓo ta ji wani ɗan abu yana jan wutar zuwa gare shi, yana motsi. Ta zura baki ta zaro tsutsa mai ƙiba. Ashe tun ranar farko duk waɗannan suna cikin abin da fatarta ke ji, nata ne ya danne su.

Ranar ta ci ta ƙoshi da abin da ta samo da kanta. Ta shiga gida ta tsakanin saiwoyi ba ta goga ko ɗaya ba, ta kawo wa Yaya tsutsa bakwai. Aka yi kwanaki ana zaman daɗi a gindin giyayya.

Wata rana Minjirya ta fita da hantsi, har azahar ba ta dawo ba. Miligi ta san akwai wani masunci da ke kafa gurarsa, irin kejin nan na saƙa da kifi ke shiga ya kasa fita, a cikin ciyawar burugu, kuma da la'asar yake zuwa ɗagawa. Ta fita nema, amma 'yar wutarta ba ta kai nisa, iyakarta abin da ke kusa da jiki. Kogi kuwa ga faɗi.

Ta tsaya ta yi tunani. Tsakanin ƙyas da ƙyas akwai ɗan fili, kuma a filin nan babu nata ko kaɗan. Sai ta rage ƙyastawa, ta buɗe fatarta a tsakani tana jira. Can ta ji shi, dum, daga nesa, ta wajen hagu. Babu mai irin wannan bugu a kogin sai mutum ɗaya. Ta juya har bugun ya daidaita a gefenta biyu, ta miƙe. Ya ƙaru, ya ƙaru, har ta kutsa cikin burugu.

Minjirya na cikin gura tana ta buge-buge, tana sakin wuta ta ko'ina. Miligi na matsowa bugu ɗaya ya same ta. Jikinta ya sandare, ruwa ya ɗauke ta ya jingina da ciyawa. Da ƙyar ta dawo hayyacinta. Ta tsaya daga nesa ta ɗaga murya.

"Yaya! Ni ce! Ki yi shiru!"

Bugun ya tsaya. Daga cikin gura murya ta fito tana haki. "Miligi? Yau ke ce ke ce min in yi shiru?"

"Ni ce. In kika sake bugawa ba zan ga komai ba, kuma ƙila ki kashe ni. Ki riƙe wutarki duk abin da za ki ji."

"Na riƙe. Yi sauri, 'yar'uwa, na nemi ƙofa na rasa."

Miligi ta bi jikin gurar a hankali, jikinta a miƙe, tana ƙyastawa da sauri-sauri. Saƙar ta fito mata sanda-sanda. Ta sami bakin da Yaya ta shiga, ta ji tsinkaye sun juya ciki, ta nan babu fita. Ta zaga baya. Nan ta ji wani faifai da aka rufe gindin gurar da shi, an ɗaure da igiyar rama, ƙulli biyu. Ta zura baki ta fara ja.

Ƙulli ɗaya ya kwance. Tana kan na biyu sai ruwa ya fara rawa, ga ƙarar gora tana dukan ƙasa, jirgin masunci na tafe.

"Miligi, ga shi nan! Bari in buge shi!"

"Kada ki buga, Yaya. Bakina na kan igiya."

Jirgi ya tsaya a kansu. Hannu ya shigo ruwa yana laluben gurar. Wuta ta taru wa Minjirya, amma ta cije ta riƙe. Miligi ta ji hannun sarai, yatsu biyar, saura kaɗan ya kama. Ta ja igiyar da iyakar ƙarfinta, ƙulli ya zame.

"Turo da kai, ta nan!"

Minjirya ta banko faifan ta fito. Gura ta tashi sama fayau, suka ji masunci yana cewa, "Ikon Allah! Wa ya kwance min gura a cikin ruwa?"

Suka kama hanyar gida, Miligi a gaba, Yaya a baya tana taɓa wutsiyarta da gashin baki don kada ta ɓace. Miligi na cewa, "Dutse a dama. Sunkuya, ga reshe." Da suka yi nisa, sai Minjirya ta yi gyaran murya.

"Ranar nan na cika baki na bar ki da ɗigo. Abin yana damuna. In damina ta dawo zan tare Walƙiya in roƙe ta ta ƙara miki, ko ta ɗebi tawa ta ba ki."

"A'a Yaya, bar min kayana. Da ta fi haka yawa, da har yanzu ina can ina fama da jin kaina, ke kuma kina kwandon masunci."

Minjirya ta yi dariya har ruwa ya shiga mata hanci. "To kan fa? Haka za ki yi ta yawo da shi?"

"Haka zan yi ta yawo da shi. Ya yi min daidai."

Suka isa gida kafin rana ta faɗi, suka ci abin da ya samu.

Shi ya sa har yau kowace 'yar miligi da ɗigon nan a wutsiya ake ƙyanƙyashe ta, kuma sai ta zauna ta koyi nata kafin ta san na waje, don haka kansu yake cike da ƙwaƙwalwa. Idanu kuwa da aka daina aiki da su sosai, sai suka yi ta ƙanƙancewa. In kun lura, ba ta cika lanƙwasa jiki wajen iyo ba, a miƙe take tafiya don kada ta dagula abin da take ji. In biyu suka haɗu, kowacce takan saurari 'yar'uwarta a tsakanin nata ƙyas ɗin. Minjirya dai kun san ta, wanda ya taɓa damƙar ta a koma ba ya mantawa. Amma miligi ko kun riƙe ta a hannu ba za ku ji komai ba. Sai dai gobe in kun je wanka kun tsoma ƙafa a ruwan nan mai laka, ku sani in tana kusa ta riga ta ƙirga yatsunku, ta kauce muku, ta wuce abinta.